Idan Ɓera da Sata: Kyautar Ƙarshen Shekara da Farautar Dolfin

Ranar 1 ga Satumba ta kowace shekara ake buɗe farautar dolfin a Taiji, wani ƙaramin garin masunta a lardin Wakayama na ƙasar Japan, mai mutane kusan 3,000. Ba a rufe ta sai ƙarshen Fabrairu. Ka ga ke nan Kirsimeti da sabuwar shekara a tsakiyar kakar suke faɗowa, daidai lokacin da kantunan Turai da Amurka ke maƙil da masu sayen kyaututtuka da takardun naɗe su. Nan ne wasu masu rajin kare dabbobi suka ga dama ta samu: tunda dai dole a naɗe kyauta, to a naɗe ta da saƙo. Wani ya buga hoton dolfin a jikin takardar, wani ya rataya ɗan kati mai bayanin abin da ke faruwa a Taiji, wani kuma ya kai kuɗin kyautar ga wata ƙungiya da sunan wanda ya so ya ba.

Ana ta ce-ce-ku-ce a kai. Akwai masu ganin wasan yara ne, akwai masu ganin rashin ta-ido ne ka cusa wa mutum labarin jini ranar farin cikinsa, akwai kuma masu cewa Turawa ne da halinsu na son koya wa kowa abin da zai sa a bakinsa. Ni ga inda na tsaya: farautar Taiji ta cancanci a daina ta, kuma naɗin kyauta hanya ce da za ta iya yin aiki. Inda nake da ja shi ne yawancin masu naɗin suna nuna wa masuncin Taiji yatsa, mutumin da har abada ba zai ga katinsu ba, sun bar wanda ke zaune a falonsu yana kwance kyautar.

Sai an san yadda farautar take kafin a yi hukunci. Dolfin dai siffar kifi gare ta, amma dabba ce mai haihuwa da shayarwa, tana tasowa saman ruwa ta shaƙi iska ta wata ƙofa da ke tsakiyar kanta. Da kunne take neman hanya: takan fitar da ƙara, amsa-kuwwar da ta dawo mata ce ke sanar da ita abin da ke gabanta. Masuntan Taiji sun san haka sarai. Da asuba jirage kimanin 12 ke fita. Da sun hango garke sai su jeru a bayansa, kowane jirgi ya zura dogon bututun ƙarfe cikin ruwa, a yi ta dukan kansa da guduma. Ƙarar takan ruɗa dabbobin, su yi ta gudu gaba, a yi ta kora su, wani zubin na tsawon sa'o'i, har a cusa su wani lungun teku da duwatsu suka kewaye, a ja raga a rufe bakinsa.

A lungun ne ake tankaɗe da rairaya. Masu horar da dabbobi su ke fara shiga ruwan, su dudduba, su ware ƙanana masu lafiyar jiki da babu tabo. Sauran, ko dai a sake su, ko a ja su ƙarƙashin tamfol. A can ake soka musu siririn ƙarfe a bayan ƙofar numfashi don a tsinke laka, sannan a toshe ramin da ɗan katako saboda kada jini ya rina ruwan. Masuntan sun ce wannan ta fi tsohuwar hanyar suka da mashi sauri. Amma a 2013 wasu masana, cikinsu har da likitan dabbobi Andrew Butterworth na Jami'ar Bristol, sun yi nazarin hoton bidiyon kisan, suka yanke cewa babu mayankar da doka ke sa wa ido da za ta yarda da irin wannan hanya. Shi kuwa katakon toshe jinin, don wa aka tanade shi? Don dabbar, ko don kyamara?

Kyamarar ce ta fallasa garin tun farko. A 2009 aka fitar da fim ɗin The Cove, wanda Louie Psihoyos ya shirya, aka ɓoye kyamarori cikin duwatsun jabu aka ɗauki kisan. Ya ci lambar Oscar a 2010. Jigon fim ɗin shi ne Ric O'Barry, mutumin da a shekarun 1960 ya horar da dolfin ɗin da suka fito a shirin talbijin na Flipper, shirin da ya sa duniya sha'awar kallon wasan dolfin, daga baya a 1970 ya juya ya koma yaƙi da sana'ar. Yau shekara goma sha da fitowar fim ɗin, kuma har gobe jiragen na fita da asuba. Me ya hana a daina?

Kuɗi ne, kuma ba na nama ba. Dolfin da aka kashe, namanta ɗaruruwan daloli ne. Mai rai kuwa dubban daloli ce tun a bakin ruwa, idan kuma aka horar da ita har ta iya tsalle ta cikin zobe, ana ambaton farashin da ya haura dala 100,000. Ƙasar Sin ce babbar mai saye a shekarun nan, an kuma kai wasu Rasha da Turkiyya da Masar. Yawancin Japanawa ba su taɓa ɗanɗana naman dolfin ba. A lissafina, cinikin nama kaɗai ba zai ɗauki nauyin man jirage 12 na wata shida ba. Wanda ke ɗaukar nauyin shi ne mai sayen tikiti, magidancin da ya kwashi iyalinsa hutu ya biya don a ɗauki 'yarsa hoto tana shafa kan dolfin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shi ya sa na ce naɗin kyauta na iya aiki. Wanda ake miƙa wa kyautar ba masunci ba ne, amma sau da yawa shi ne wannan magidancin. Hutun Disamba kuma lokaci ne na cinikin gidajen wasan dolfin. Saƙon da ya iske mutum a wannan makon ya iske shi a kan gaɓa.

Yanzu bari in saurari masu ja da ni, in fara da mai cewa al'ada ce. Ba da wasa nake ɗaukar wannan hujja ba. Tun farkon ƙarni na 17 Taiji ke farautar wel, manyan dabbobin nan na teku, kuma a nan aka ƙirƙiro dabarar kama su da raga a 1675. A 1878 mazajen garin sama da 100 suka halaka a teku a fita guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yunwa ta addabi Japan, hukumomin mamaya na Amurka ne da kansu suka ba da izinin fita farautar wel, naman ya shiga har abincin 'yan makaranta. Kafin nan ma, cikin abubuwan da suka kawo Kwamanda Perry gaɓar Japan a 1853 akwai neman inda jiragen Amurka masu farautar wel za su riƙa samun ruwa da guzuri. To in jikan waɗancan ya zo yau da kwali yana kiran mutanen Taiji marasa imani, ai dole ransu ya ɓaci. Laifi tudu ne. Da jakadiyar Amurka Caroline Kennedy ta soki farautar a Janairun 2014, kakakin gwamnatin Japan na lokacin, Yoshihide Suga, ya mayar mata da cewa kamun gargajiya ne kuma bisa doka ake yi. Ta fuskar doka bai yi ƙarya ba: haramcin da hukumar kula da farautar wel ta duniya ta fara aiwatarwa a 1986 bai shafi dolfin ba, Japan ma ta fice daga hukumar a 2019, kuma gwamnati ce ke yanka adadin da za a kama kowace kaka.

Sai dai wace al'adar ake nufi? Farautar wel da kwale-kwale da mashi daban, korar garken dolfin da jirage masu inji daban. Wannan ta biyun, a yadda take yau, wajen 1969 ta kankama a Taiji, shekarar da aka buɗe gidan baje kolin wel na garin, mai buƙatar dabbobi masu rai. Kakannin da suka nutse a 1878 sun san jirgin sama mai jigilar dolfin zuwa wani tafkin siminti a Sin? Fatauci ne aka yafa masa rigar gado. Kuma ko da gadon ne tsantsa, tsufan abu bai taɓa wanke shi ba.

Sai mai tambayar da na san tana bakin mai karatu: ku da kuke yanka raguna da Babbar Sallah, ku ci kilishi ku ci balangu, ina bakinku na magana? Haka masuntan ma ke ce wa Turawa game da shanu da aladu. Ba na cikin masu cewa cin nama laifi ne, don haka amsata ba ta dogara da wayon dolfin ba, ko da yake tun 2001 bincike ya nuna tana gane kanta a madubi, kuma kowace tana da fito nata da 'yan'uwanta ke gane ta da shi. Amsata ita ce ladubban yanka da muka tashi da su. An hore mu a wasa wuƙa tun kafin a kawo dabba, a gaggauta, kada a wahalar da ita, kada a yanka ta a gaban 'yar'uwarta. A auna lungun Taiji da wannan ma'aunin. Kora ta sa'o'i, uwa da ɗa a raga guda, ana kashe wasu sauran na jin kukansu. Wane mahauci ne zai yi haka a kasuwarmu Sarkin Fawa ya zuba masa ido? Ga kuma bambancin kiwo da daji. Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki, makiyayi ya san yadda zai mayar da gurbin abin da ya sayar. Dolfin wajen shekara guda take da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi shekaru tana rainonsa kafin ta sake haihuwa.

Naman ma ba lafiya gare shi ba. Dolfin na cin kifayen da suka ci ƙananan kifaye, don haka zaibar da ke cikin teku, wannan dai da masu haƙar zinariya ke amfani da ita, a jikinta take taruwa. Ma'aikatar lafiya ta Japan da kanta ta shawarci mata masu juna biyu kada su ci naman wani jinsin dolfin fiye da giram 80 cikin wata biyu. A 2007 wasu kansilolin Taiji biyu suka tayar da ƙura kan sa irin wannan nama cikin abincin 'yan makaranta. In za a yi adalci, binciken da aka yi wa mutanen garin a 2010 ya sami zaiba mai yawa a gashinsu, amma bai sami alamun cuta ba. Duk da haka ƙasar da ta ga annobar Minamata a 1956 ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan wannan guba.

Akwai inda hujjata ta tikiti ba ta kaiwa, kuma gara in faɗa da bakina. A tsibiran Faro, da ke ƙarƙashin masarautar Denmak, ana kora garken dolfin zuwa gaɓa a kashe, amma ba a sayar da masu rai, rabon naman ake yi tsakanin jama'a. Ranar 12 ga Satumban 2021 an kashe dolfin 1,428 a yini guda, abin da ya sa har wasu mafarautan tsibiran suka ce an wuce gona da iri, gwamnatinsu kuma ta ƙayyade 500 a shekara a 2022. Tun 2008 manyan likitocin tsibiran suka ba da shawarar a daina cin naman saboda guba. A can babu abin da katin baƙo zai tsinana. Mutanen wurin ne za su sauya abinsu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta masu lissafi. Suna cewa Taiji ɗaruruwa take kashewa a kaka, alhali an ƙiyasta dolfin da danginta kusan 300,000 ne ke mutuwa kowace shekara cikin ragar masu kamun kifi a duniya, ba da niyya ba. Gaskiya ne. Gawarwakin da teku ke watsowa gaɓar Faransa sun yi yawan da sai da kotu ta tilasta a rufe kamun kifi na wata guda a tekun Biskay a farkon 2024. Dolfin ɗin kogin Yangtze tun 2006 masana suka neme ta suka rasa, ba tare da an yi mata wani lungun kisa ba. Mu ma nan kusa, a gaɓar Gana, a garuruwa irin su Dixcove, ana sauke dolfin a ci ko a yanyanka a yi tarkon kifin shak da ita, ga kuma ayu da ake farauta a Binuwai da Neja saboda nama da man da masu magani ke tallarsa. Na yarda da duk wannan. Amma yawan ɓarnar da ake yi bisa kuskure ba ya halatta wadda ake yi da gangan. Kuma a cikin duka, ta Taiji ce mutum ɗaya zai iya rage wa ƙarfi ba tare da jiran gwamnati ba, ta hanyar riƙe kuɗinsa kawai.

Mu dawo kan naɗin kansa, don nan ne tufka da warwarar take. Takardar naɗe kyauta mai ado ba ta daɗe ba. A 1917 ne 'yan'uwan nan masu kamfanin Hallmark a birnin Kansas suka ga takardar naɗin da suke sayarwa ta ƙare ana tsakiyar cinikin Kirsimeti, sai suka fito da takardun ado na Faransa da ake liƙawa cikin ambulan, mutane suka yi wawaso. Yau da yawa daga irin takardun nan an shafe su da leda ko ƙyalƙyali, ba sa sake sarrafuwa. A Birtaniya har gwaji ake koya wa mutane: ka dunƙule takardar a hannu, in ta zauna a dunƙule takarda ce, in ta ware da kanta akwai roba a ciki, bola ce makomarta. Garin ƙyalƙyalin nan kuwa ɓarɓashin roba ne da ruwa ke kwasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a sake tun Oktoban 2023. To mutum ya sayi takarda mai sheƙi da hoton dolfin, ya ɗaure da ribon na roba, a yage cikin daƙiƙa biyar a jefar, ya ce ya taimaki teku? An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Mafita mafi kyau, abin mamaki, daga Japan ɗin take. Suna da ƙyalle mai kusurwa huɗu da suke kira furoshiki, wanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙunshe kaya da kyauta a ciki. A 2006 ministar muhalli ta lokacin, Yuriko Koike, wadda daga baya ta zama gwamnar Tokyo, ta yi gangamin farfaɗo da shi don rage leda. Ɗaurin ba wuya. Ka shimfiɗa ƙyallen kusurwa ɗaya na kallonka, ka ajiye kyautar a tsakiya. Ka ɗauko kusurwar da ke gabanka ka rufa ta kan kayan ka cusa bakinta ƙarƙashi, ka jawo ta can gaba ka rufo. Sauran biyun na dama da hagu ka tattaro su sama ka ƙulla sau biyu, kunnuwan ƙullin su tsaya kamar fure. Babu almakashi, babu gam. Mai faɗin santimita 50 ya ishi littafi ko turare, mai 70 zai ɗauki kwalba biyu: a kwantar da su gindi na kallon gindi, a mirgine su cikin ƙyallen, a tayar da su tsaye a ƙulla a sama. Duk wadda ta taɓa ɗaure kwanon abincin Sallah da ɗankwali ta aika wa maƙwabta ta riga ta iya rabin aikin, kuma ragowar atamfa a wurin tela ba ta da tsada.

Wanda ba shi da ƙyalle, tsohuwar kalanda ko taswira ko takardar ƙunshi mai ruwan ƙasa ta wadatar, a ɗaure da igiyar rama, a soka busasshen ganye. In ana son hoton dolfin, a raba dankali biyu, a sassaƙa siffarta a fuskar, a tsoma a shuɗin fenti a yi ta bugawa. Yara sun fi kowa son wannan aikin, kuma kafin su gama sun yi tambayoyin da za su kai ga labarin.

Na fi son furoshiki don wani dalili bayan rage shara. Wanda ya naɗe saƙonsa na adawa da Taiji cikin ƙyallen Japanawa ya nuna ba ƙasar yake ƙi ba. Wannan na da muhimmanci, domin zagin da baƙi suka yi ta yi bayan The Cove ya sa Japanawa da dama da ba ruwansu da naman dolfin suka koma kare Taiji don kishin ƙasa, har wasu gidajen sinima suka fasa nuna fim ɗin a 2010 saboda barazanar masu zanga-zanga. Ihu a bakin teku bai sauya komai ba. Abin da ya motsa shi ne matsin kasuwa: a Afrilun 2015 ƙungiyar gidajen namun daji ta duniya, WAZA, ta dakatar da takwararta ta Japan, a watan Mayu mambobin ta Japan ɗin suka kaɗa ƙuri'ar daina sayen dolfin daga Taiji.

Mai cewa kada a ɓata wa mutane biki yana da gaskiyarsa, in hoton jan ruwa za a manna wa kyautar yaro. Kyauta ba allon wa'azi ba ce. Layi ɗaya ya isa a bayan kati: kafin ka sayi tikitin kallon dolfin, tambayi daga ina aka kawo ta. Wani zai ce yawancin gidajen wasa na Amurka da Turai a tafkinsu ake haifar nasu, ba sa saye daga Taiji. Haka ne. Amma su suka koya wa duniya sha'awar, sababbin gidajen da ake ginawa a Asiya da Gabas ta Tsakiya kuma daga teku da yawansu ke cike tafkunansu. A 2007 dolfin 28 aka kwaso daga tsibiran Solomon zuwa wani otal a Dubai.

Masu ganin wasan yara ne su duba inda aka kwana. Tun 1993 babu sauran gidan wasan dolfin a Birtaniya. Indiya ta hana buɗe su a 2013, Kanada ta yi dokar hana tsare su a 2019, a shekarar kuma TripAdvisor ya sanar da daina sayar da tikitin irin wuraren, Expedia ya bi sahu a 2021. Faransa ta yi tata dokar a 2021, kuma a Janairun 2025 Marineland na garin Antibes ya rufe ƙofa. Ba kati ne ya yi wannan shi kaɗai ba, amma duk ta hanya ɗaya aka bi: mutane sun ji labari a gidajensu, suka daina zuwa, 'yan kasuwa da 'yan siyasa suka bi su.

Kai mai shirin kai iyali hutun ƙarshen shekara Dubai ko Masar ko Turkiyya, in yara suka ja ka wurin wasan dolfin, ka tambayi mai sayar da tikiti daga ina aka kawo su. In ya kasa ba ka amsa, ka mayar da kuɗinka aljihu.